Ƙwallon da Ta Bugi Ƙarfe Ta Dawo

Wudil, ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Ɗanjuma,

Sallama irin ta Musulunci da gaisuwa mai yawa a gare ka. Ina fata ka sauka Kaduna lafiya, jirgin ƙasa daga Kano bai jigata ka ba, kuma ka sami masauki na mutunci. Allah Ya tsare ka daga sharrin baƙunta da na abokin banza, Ya kiyaye maka gwiwa da idon sawu, tunda da su za ka ci abinci yanzu. Goggonka Hajara tana gaishe ka, ko da yake har yau ba ta daina faɗa ba, rabi da kai, rabi da ni.

Bayan haka, ba labarin gari zan ba ka ba. Wudil tana nan yadda ka bar ta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da rabona da dogon rubutu tun ina soja, shi ne ka tafi ba mu yi sallama ba. Ka same ni a zaure ka ce Saje Dogo ya samar maka wuri a ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando, za a ɗauke ka aiki, aikin kuwa wasan ne kansa. Na ba ka amsa, amsar ba ta yi maka daɗi ba, ka fita. Sai a bakin tasha na ji wai an ga ka hau motar Kano da akwatinka. Zan dawo kan wannan. Bari in fara da ƙwallo, don na san ita kaɗai ce maganar da za ka karanta har ƙarshe ba ka ninke takarda ba.

Kana tsammanin ban taɓa ganin wasanka ba. Na gani, ba sau ɗaya ba. Nakan tsaya bayan itatuwan darbejiya na filin makarantar horon malamai, inda ba za ka hange ni ba. Kai ɗan fari ne, ba zan tsaya a gaban mutane ina washe baki don ɗana ya jefa ƙwallo ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Amma yau takarda ce, ba ido da ido ba, saboda haka zan faɗa: kana da hannu. In ƙwallo ta bar yatsunka har ni nakan riƙe numfashi. Ban ga mai jifa irinka ba a ƙasar nan.

To amma kana jefawa sai ka juya. Ƙwallo tana sama, kai ka riga ka ba kwando baya, kana tafiya kana gyara wuyan riga, kana jiran a yi maka tafi. In ta shiga, shi ke nan. In ta bugi ƙarfe ta dawo, sai ta faɗo a wurin da ka bari, wani ya ɗauka. Haka kuma in abokan gāba suka jefa ta ƙi shiga, kana can tsakiyar fili ka ɗaga hannu a miƙo maka, abokanka suna ƙarƙashin kwando ana kirɓa musu gwiwar hannu. Da tsawonka fa! Allah Ya ba ka tsawon da za ka ciro ƙwallo a saman kan kowa, kai kuwa ka mai da shi na ado.

Ran da 'yan Kaduna suka zo suka buga da makarantarku, na ji da kunnena abin da ka ce wa wani abokinka da ya yi maka magana. Ka ce, "Ni ba na kala. Wanda ya iya jifa ba ya bin abin da ya zube." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don na san inda ka gado maganar.

Da yamma Saje Dogo, wanda ya zo da 'yan Kadunan, ya zo gida muka ci tuwo. Ka san tare muka yi yaƙin Bama, ba ya ɓoye mini komai. Ya wanke hannu, ya dube ni, ya ce, "Kofur, yaron nan hannunka ya ɗauko. Amma wallahi har da ƙeyarka ya haɗa."

Na ce, "Ƙeyata ta yi maka me?"

Ya ce, "Ita na fi sani a jikinka. In ka yarda zan tafi da shi. Sai dai in gaya maka gaskiya, in bai koyi tsayawa ƙarƙashin kwando ba, kafin damina zan dawo maka da abinka. Masu jifa suna da yawa a Kaduna, masu tsayawa ne babu."

Ka ji abin da shi bai gaya maka ba, don yana jin nauyinka. Wurin nan da ka samu bai zama naka ba tukuna.

Yanzu bari ka ji yadda aka yi Dogo ya san ƙeyata. Kafin a tura mu dajin Bama an ajiye mu a wani sansani a ƙasar Hindu. Kusa da mu akwai sojojin Amirka, su suka kafa allo da ƙarfe a jikin gungume, a nan muka fara ganin wannan wasa. Da farko dariya muke yi, ƙarti suna rububin jefa ƙwallo a kwandon da ba shi da gindi. Kafin wata ya zagayo mun fi su zalama. Ni hannuna ya faɗa da wuri, har aka daina kirana Kofur Mamman, sai Mai-hannu. Dogo kuwa ko kusa bai iya jifa ba, in ya jefa sai mu kare kai. Aikinsa shi ne ya tsaya a ƙarƙashi ya tattaro duk abin da ya dawo ya miƙo mini. Kullum ya fita fili da fasasshen leɓe ko kumburarren ido, ni kuwa rigata ko datti babu. Sunana ake kira. Ban taɓa ce masa sannu ba, don a ganina kala yake yi, aikin mata da yara a gonar gyaɗa bayan an gama cira.

Aka shirya mana wasa da wani kamfanin sojan, hafsoshi duk sun zo kallo. Kafin ranar, zazzaɓi ya kwantar da Dogo. Na ce ba komai, ai ni ne mai ci. Muka shiga. A ranar na jefa da kyau kamar kullum, amma sai na ga ƙwallo ba ta zuwa hannuna. Duk wadda ta ƙi shiga, tasu ce. Su in sun jefa ta ƙi, sai su cafe su sake, ta ƙi, su sake, har ta shiga. Mu kuwa jifa ɗaya muke samu. Duk da haka muka riƙe su kunnen doki har dab da tashi. Ƙwallo ta zo mini, na jefa, na ji a yatsuna ta tafi daidai, na juya na ɗaga hannu sama. Ihun da na ji ba namu ba ne. Ta zagaya bakin ƙarfe ta fito, ta faɗo daidai inda ƙafata ta tashi, har ta taɓa mini dunduniya. Wani gajere da ko kafaɗata bai kai ba ya sunkuya ya ɗauka, ya ruga ya zuba mana. Aka busa.

Na je wurin Dogo a ɗakin marasa lafiya ina ta zagin ƙarfe, wai a karkace yake. Ya saurare ni har na gaji, sa'an nan ya ce, "Mai-hannu, ƙarfen nan kullum haka yake. Da can ma suna fitowa, ba ka gani ne don ka juya." Na ji haushinsa ƙwarai. Da na ɗauki maganar tun a ranar, da yau ba na zaune ina rubuta wannan takarda.

Saboda haka ka saurara. Duk iyawar mutum, ƙwallon da ke ƙin shiga ba ta ƙarewa a wasa, kuma a kanta ake cin wasa ko a sha kashi. Wadda ta shiga ta gama aikinta, kowa ya gani. Wadda ta dawo ba ta kowa ba ce sai wanda ya fi son ta. In taku ce ka cafe, ka ba 'yan'uwanka dama ta biyu. In tasu ce ka cafe, ka hana su tasu. Da zarar ƙwallo ta bar hannun mutum, ko kai ne ko wani, ka ɗauka ba za ta shiga ba. Kada ka tsaya kallon ta tana tafiya, ka nemi mutumin da ke kusa da kai ka shiga gabansa, ka sa masa baya, ka buɗe ƙafa ka ɗan durƙusa, ka ji nauyinsa a jikinka don ka san inda zai bi. In an jefo daga dama, yawanci hagu take faɗawa. In daga nesa aka jefo, da nisa take dawowa. Ka tashi da hannu biyu, ban da wannan yangar taka ta hannu ɗaya, ka riƙe ta gam a ƙarƙashin haɓa kafin ka dubi wanda za ka ba. In ka yi tsalle ka rasa, ka sake tashi nan take, don sau da yawa wanda ya yi tsalle na biyu ne ke samu. Za a fasa maka baki, za a taka ka, kuma ba mai kiran sunanka a kan wannan. Wanda ke yi muku wannan aiki a ƙungiya, ka riƙa gaishe shi da kyau.

Da a fili kaɗai halin nan ya tsaya mini, da da sauƙi. Na dawo da shi gida cikin jakata. Daminar farko bayan an sallame mu, na yi binne, na shuka tun ruwa bai sauka ba, a gonarmu ta hanyar Ɗankaza. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke, rabin shukar ta ƙone. Maƙwabta duk suka koma da iri suna cike gurbi. Ni na tsaya a bakin gona na ce na riga na shuka, ba zan yi aiki ɗaya sau biyu ba. Da kaka ta yi, rumbunmu ko rabi bai kai ba, hatsin Goggonka muka ci har wata damina. Ka kiyaye wannan a wurin aiki: in ka yi abu bai yi ba, komawa kansa ba faɗuwar daraja ba ce.

Yanzu na zo kan abin da nake ta kewaye-kewaye don kada in iso shi. Maganar Innarka ce, Allah Ya jiƙanta. Kana da wayo lokacin da ta tafi, amma abin da yaro ya gani daban, abin da ya faru daban.

Na dawo daga yaƙi da bakin bariki da zuciya a kusa. Wata rana bayan kaka abokaina tsofaffin soja suka zo, abinci ya yi jinkiri. Da ta kawo, na zage ta a gabansu, na haɗa har da mahaifinta. Matar da ta riƙe gida duk shekarun da ba na nan, ta yi noma, ta yi kaɗi, ta raine ka, ba wanda ya taɓa jin kanta. Washegari ta yi yaji, ta tafi gidansu a Indabo. Ta bar ka wurin Goggonka don kana zuwa makaranta.

Ka san yadda ake biko. Miji ba ya zuwa shi kaɗai, yakan ɗauki babba, ya riƙe goro, ya sunkuyar da kai. Kuma kowa ya san iyayen mace ba sa miƙa ta a zuwan farko, ko da sun ƙosa ta koma. Sai sun ja, don a san 'yarsu tana da gata. Goggonka ta ce in bari ta nemi Kawu Sale mu tafi tare. Na ce ni da na ga Bama ba na bukatar ɗan rakiya zuwa Indabo. Na sa kakina da takalmin soja, na tafi hannu rabbana.

Na tarar da kakanka Malam Ilu a zaure yana tufka igiya. Na gaishe shi a tsaitsaye, na ce na zo tafiya da iyalina. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka zo lafiya? Ya mutan Wudil? Ya yaron?" Na amsa a gajarce. Ya ci gaba da tufkarsa, can ya ce, "To, ka je, mun ji. Sai mun yi shawara."

Ko yaron goye ya san ma'anar wannan: ka koma ka zo da manya, ka zo kamar mai nema. Ni ma na sani. Amma na ji kamar an mare ni. Na juya, ko sai an jima ban ce ba.

Goggonka ta yi magiya har ta gaji. Takan ce, "Mamman, don Allah ka koma. Ba korarka aka yi ba, al'ada ce." In ce, "Na je, Yaya. Wanda ya riƙe ta shi zai kawo ta." Har saƙo kakanka ya aiko da bakin wani mai kawo shanu kara, kasuwar shanun nan tamu, wai a gaya mini zaurensa ba shi da ƙyaure. Na ce na ji. A raina ina son ta dawo kamar me, kullum in na ji motsi a ƙofar gida sai in tashi in leƙa. Amma ina jira a kawo mini ita har inda nake tsaye, kamar yadda Dogo ya saba miƙo mini ƙwallo. Ina ce wa kaina bayan Salla zan je, Salla ta wuce, na ce sai an rage zafi.

A bazarar nan sanƙarau ya shigo ƙauyuka. Ya kama Innarka, kwana kaɗan ta yi. Da aka aiko, kafin in isa an riga an kai ta.

Na zauna a zauren nan dai, a ƙasa wannan karon. Da mutane suka ragu, kakanka ya shiga gida ya fito da ƙullin kaya ya ajiye a gabana. Ya ce, "Ran da ka zo tana bayan danga tana jin mu. Kana fita ta shiga ta ɗaure kayanta, ta ce gobe za ka dawo da Kawu Sale, ta san ka. Tun ranar ba ta kwance shi ba, sai dai ta zari zane ta mayar." Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ƙullin nan ne ka taɓa tambayata a kansa, wanda ke rataye a ɗakina, na daka maka tsawa na ce ba ruwanka. Da ruwanka. Ni na raba ka da mahaifiyarka a watanninta na ƙarshe, ba kakanka ba, ba ita ba. Na san kwananta ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma da a ɗakinta ya same ta, kana kusa da ita. Wannan nadama ba ta sake ni ba ko yini ɗaya, kuma ina roƙonka ka yafe mini.

Nasihata a nan gajera ce. Wata rana za ka nemi abu a wurin mutum, mace ko maigida ko aboki, ya ce maka a'a, ko ya ce sai ya yi shawara. Kada ka juya da wuri. Ka tsaya ka ga inda maganar za ta faɗo. Mutanenmu ba sa ba da abu mai daraja a tambayar farko, kuma sau da yawa mai cewa a'a yana addu'a a ransa ka sake tambaya.

To, ka tuna me nake yi ran da ka same ni a zaure? Igiya nake tufkawa ta kaiwa kara ranar Juma'a. Ka tsaya a kaina, ko zama ba ka yi ba, ka faɗi maganarka a dunƙule. Na ji bakina ya ce, "Ka je, na ji. Sai na yi shawara." Wallahi sai da maganar ta fita na gane ta wane ne. Na riga na ba Dogo amsa tun daren da ya ci tuwo a gidan nan, na ce ya tafi da kai. So nake ka koma ka zo da Goggonka, ka zauna a gabana, in ja kaɗan kamar yadda uba ke yi, sa'an nan in sa maka albarka a gabanta. Har rigata ta saƙi na sa aka wanke don in ba ka. Na ga ƙeyarka tana fita daga zaure, na san ta sarai, amma girman kai ya hana ni in kira ka. Na ce gobe zai dawo. Haka Innarka ta ce.

Kwanakin nan na zauna ina jira ka aiko, ina cewa ni ne uba, shi ya kamata ya nemo ni. Jiya Goggonka ta shigo ta tsaya ta dubi ƙullin nan na jikin bango, ta dube ni, ta ce, "Mamman, wani kake so ka rataya kusa da shi?" Ta fita. Shi ne yau da hantsi na aika aka sayo mini takarda.

Saboda haka ga amsar da ka tafi ba ka tsaya ka karɓa ba. Na yarda. Ka yi wasanka da izinina, ba na riƙe da kai da komai, duniya da lahira. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa wannan sana'a ta zame maka hanyar arziki da mutunci. Rigar tana cikin ƙunshin da direba zai ba Saje Dogo tare da takardar nan. Ka gaishe shi, ka ce masa Mai-hannu ya ce sannu da aiki, ya yi haƙuri gaisuwar ta makara.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko kuna tsakiyar horo, ka nisanci giyar bariki, ka ci abinci sosai don masu ture ka ba yara ba ne. Ka tsaya ƙarƙashin kwandon nan har Dogo ya rasa dalilin dawo da kai.

In ka ga dama ka ba ni amsa, ko layi biyu ne. In ba ta zo ba, ba zan yi fushi ba, zan sake rubutawa. In ita ma ta ƙi, to wata rana kuna wasa ka dubi bakin fili, za ka ga wani tsoho da hular soja da ta koɗe. Ba zan ɓuya a bayan bishiya ba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da rauni, Ya jiƙan Innarka, Ya sada mu da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Kofur Mamman.